Me ya sa ake yi wa amarya magani a bar ango?

Tambayar da iyaye mata na Unguwar Hausawa a New Bell, cikin Duwala, suka fi kawo mini ita ce ta yarinyar da ba ta daɗe da aure ba, tana fama da ciwon mara da fitar ruwa mai wari. An sha magani ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Sai uwa ta ce, "Malama, ko sanyin bayan gida ne?" Amsata ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. Sau da yawa maganin ya yi aikinsa, mijin ne ba a duba ba.

Abin da muke tarawa mu kira ciwon sanyi cututtuka ne daban-daban. Akwai ƙaiƙayin da kan samu mace ko da ba ta taɓa sanin namiji ba, musamman mai ciki ko wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma ciwon sanyi mai fitar da mugunya, da tunjere, da wadda likitoci ke kira kilamidiya, ta saduwa suke yaɗuwa, ba a ɗaukar su a masai. A jikin namiji alamar takan fito da wuri, fitsari ya riƙa yi masa zafi. Sai ya bi ta Gazon, wurin masu sayar da magani a babbar kasuwar Duwala, ya sayi kafso uku ko huɗu a ƙulle cikin leda, zafi ya lafa, ya ɗauka ya warke. A jikin mace kuwa cutar takan yi shiru wata da watanni, tana hawa zuwa mahaifa har ta toshe hanyar ƙwai. Daga nan haihuwa ta gagara, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan yi kisa idan ya fashe. Shekara biyu ba goyo, dangin miji su fara kiran ta juya, a fara zancen kishiya. Alhali a kusan rabin gidajen da haihuwa ta yi wuya, namiji na da hannu a matsalar.

Ƙididdiga ta nuna inda nauyin ya karkata. Binciken lafiyar jama'a na ƙasar Kamaru na 2018 ya gano kashi 3.4 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar sida, maza kuwa kashi 1.9. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 ta haihu ko tana da ciki, kuma kusan uku cikin goma na matasan mata an aurar da su kafin su cika 18. Halittar jiki na da nata rabo, don bakin mahaifar yarinya ƙarama bai gama ƙwari ba, cuta ta fi saurin kama shi. Sauran kuwa daga tarbiyyarmu yake.

Mun raba kunya tsakanin 'ya'yanmu rabon da ya cuci kowannensu. Yarinya ta ga jinin al'ada na farko, abin da ake gaya mata bai wuce "kin girma, ki kiyayi maza" ba. Ba ta san kwanakin da ciki ke shiga ba, ba ta san wane ruwa ne na lafiya wane ne na cuta ba. In ta yi aure, zuwa asibiti sai da izinin miji da kuɗinsa. In ba ta yi boko mai nisa ba, Faransanci ya tare ta a gaban likita, mai fassara mata kuma shi ne mijin ko uwar mijin, mutanen da ba za ta iya buɗe baki a gabansu ba. New Bell unguwa ce mai cunkoso tun da aka kafa ta a ƙarshen mulkin Jamus, gida na jingine da gida, kowa ya san kowa. Budurwa ta shiga asibiti da safe, kafin azahar labari ya iso zaure.

Yaro kuma an sake shi. Babu mai zaunar da shi ranar da ya fara mafarki. Iliminsa daga majalisa yake samo shi, da waya, da abokan tuƙa bensikin, wato acaɓa, inda ake auna namiji da yawan 'yan mata, ake miƙa masa tiramol da maganin ƙarfin maza tun bai kai ashirin ba. An koya masa cewa zuwa asibiti kan irin wannan larura zubar da girma ne. Shirun da aka ɗora wa yarinya da sakacin da aka yi da yaro, a ɗaki ɗaya suke haɗuwa daren farko.

To, me za a yi?

Ma'aurata su je asibiti tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an samu ɗaya da cutar saduwa, a yi wa duka biyun magani lokaci guda, har da kishiya in akwai, ko da babu mai jin ciwo. A shanye maganin yadda aka rubuta, a dakata da saduwa har kwana bakwai bayan kowa ya gama. Asibitin gundumar New Bell na nan kusa, asibitin Laquintinie ma ba nisa. A daina cusa kayan mata da wanke ciki da sabulu ko ruwan alif, don suna kashe ƙwayoyin da ke kare gaban mace. In shekara ta cika ba ciki, a fara da gwajin maniyyi: ya fi sauƙi, ya fi araha.

Uwa ta yi wa 'yarta bayani tun tana shekara tara ko goma, kafin jinin ya zo. In nauyin baki ya hana, gwaggo ko inna ta karɓi aikin. A kai yarinya allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda Kamaru ta sa cikin tsarin rigakafinta a 2020. Allurar ba ta hana haihuwa.

Uba ko kawu ya zaunar da ɗa namiji. Malaman islamiyya suna karantar da babin wanka da haila a Ahalari da Risala ba tare da kowa ya ga rashin kunya ba. A ɗora a kan wannan, a gaya wa yaro cewa kai wa matarsa cuta zalunci ne, raka ta awo kuma cikar mutunci ne.

Akwai abin da ba ya jiran shawarar dangi. Yarinya ko yaron da aka yi wa fyaɗe, a kai shi asibiti cikin awa 72, don a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga sida ke aiki, kuma akwai na hana ciki na gaggawa. Mai ciki da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga, a tafi da ita nan take. Maigida ya ba da izinin irin wannan fita tun kafin ranar ta zo, ya ajiye kuɗin mota a hannunta. Doguwar naƙuda a gida ita ke jawo yoyon fitsari, kuma ta fi samun yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba.

Doka ma tana bayan mai son kare 'yarsa. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗauri ga wanda ya aurar da yaro ko yarinya ƙasa da shekara 18. Tun 2022 ma'aikatar makarantun sakandare ta hana korar ɗaliba saboda ciki. Gwajin sida da maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Roƙona na ƙarshe ga waliyyai ne da limamanmu. Kafin a sa ranar ɗaurin aure, a nemi takardar gwaji daga saurayi kamar yadda ake nema daga budurwa: sida, ciwon hanta, da rukunin jini na sikila. Idan su biyun AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila, kuma gara a san haka kafin a kai lefe. Sakamakon ya tsaya tsakanin masu auren da likitansu. Ranar da liman ya mai da wannan tambaya al'ada ga kowane ango, ɗan attajiri da ɗan talaka, babu saurayin da zai ji an ware shi da zargi, kuma babu amaryar da za ta ɗauki laifin cutar da aka kawo mata. Allah Ya ba zuri'armu lafiya.