Tsohon Akwatin Talabijin Mai Launi da Dabarun 'Yan Damfara

A gidaje da dama na Sanyinna da Tambuwal da Kebbe akwai tsohon akwatin talabijin mai ƙatuwar ƙeya da aka ture lungu tun shigowar masu shafaffen allo, kuma mafi yawansu a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa. Amma a Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan akwatuna, har ma da gidan tarihi na musamman a garin Hilliard na jihar Ohayo. Duk inda kuwa masu sha'awa suka taru da kuɗi a hannu, ba a rasa mazambata.

Abin da ya sa ƙeyar akwatin ta yi tsawo shi ne kwalbar gilashin da ke ciki, wadda aka zuƙe iskarta. A wuyan kwalbar akwai bindigogi uku da ke harba ƙwayoyin lantarki, wato ilektaron, zuwa ga allon da aka shafe da ɗige-ɗigen sinadari masu ba da haske ja da kore da shuɗi. Daf da allon akwai faifan ƙarfe mai dubban ƙofofi, wanda ke sa kowace bindiga ta sami launinta kaɗai. Ido ne ke haɗa sauran launuka: ja da kore su ba da rawaya, ukun gaba ɗaya su ba da fari.

A watan Disamba na 1953 Amurka ta amince da tsarin launi na NTSC, a 1954 kuma kamfanin RCA ya fito da samfurin CT-100 a kan dala 1,000. Bajamushe Walter Bruch ya ƙirƙiro tsarin PAL, wanda Ingila da Jamus ta Yamma suka fara aiki da shi a 1967. Sony ya fito da Trinitron a 1968. A Nijeriya an buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, baƙi da fari, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka fara watsa shirye-shirye masu launi daga Jos. Nijeriya ta bi PAL, Nijar kuwa ta bi SECAM na Faransa.

Waɗannan shekaru su ne ma'aunin farko ga duk wanda ya ga tallar gwanjo a intanet. Alal misali, wanda ya ce yana da Trinitron ƙirar 1960 ya riga ya tona kansa. Haka nan akwatin da aka ce na Amurka ne na 1954, amma takardar bayansa ta nuna bolt 220 da PAL, domin wutar Amurka ba ta wuce bolt 120 a soket na gida. Wannan takarda, mai ɗauke da lambar samfuri da lambar ƙira, ita ce mazambaci ya fi ƙin ɗauka a hoto. Sau da yawa ma ba shi da akwatin sam, hoton wani ya sato. Maganinsa shi ne a nemi sabon hoto, akwatin yana kunne, da takarda a gefensa mai ɗauke da kwanan ranar da sunan mai saye. Mai kaya na gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Akwai kuma tsohuwar dabarar da 'yan kasuwar dabbobi suka sani tun kafin kwamfuta: abokan mai kaya su yi ta tayawa don farashi ya hau, sannan a matsa wa baƙo ya tura kafin alƙalami yanzu-yanzu.

Damfarar da ta fi haɗari ita ce ta "jar zaiba", wani sinadari da ake cewa yana ɓoye cikin tsofaffin na'urori kuma yana da tsadar gaske. A 2009 wannan jita-jita ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da kuɗi masu yawa. Kimiyya ba ta san wannan abu ba. Zaiba ta gaskiya launin azurfa gare ta, kuma guba ce. Abin da mai fasa akwati zai tarar shi ne gilashi mai ɗauke da dalma, da kwalbar da ke iya tarwatsewa saboda matsin iskar waje, da kuma wuta mai kimanin bolt 25,000 wadda ragowarta kan zauna ko bayan an cire filogi. Buɗe bayan akwati aikin mai gyara ne.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibai gwaji ɗaya ba tare da kwance ko kusa guda ba. A kunna akwatin, a kara gilashin ƙara girma a kan farin wuri na allon. A tsofaffin samfura za a ga ɗigo uku-uku, a na baya kuma gajerun sanduna da aka yanyanka. A Trinitron na ainihi layukan ja da kore da shuɗi suna miƙewa ne daga sama har ƙasa ba yankewa, sannan akwai inuwar siririyar waya ɗaya ko biyu da ta gitta allon a kwance. Ana iya manna tambarin Sony a kan kowane akwati, amma waɗannan layuka a cikin kwalbar suke.