Karnukan da Ke Yawo a Unguwa: Abin Yi Kafin Cizo da Bayansa

Duk wanda ke fita sallar asuba a Mpape ko Karmo ko bayan kasuwar Dei-Dei ya san cewa kafin gari ya waye layi na karnuka ne. Suna kwance a bakin kango, suna tonon bola, suna zagaye bayan mahauta da rumfunan masu tsire. Galibi ba su kula kowa. Sai ranar da ɗaya ya ciji yaro, unguwa ta hargitse, matasa su ɗauko gora, wani ya ce a barbaɗa guba a nama a ajiye musu. Kwana biyu ƙura ta lafa. Bayan 'yan watanni ga karnuka nan sun cika layin kamar ba a taɓa kashe ko ɗaya ba.

Bari mu fara da cizon, tunda shi ne ba ya jira. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara a duniya, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Idan ta shiga jiki ba ta bin jini, jijiyoyi take bi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum kan yi wata biyu ko uku lafiya lau, wani mako ɗaya kawai, wani har shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi gaggawa. Da zarar alamomi sun bayyana, wato firgita da tsoron ruwa da kasa haɗiya, kusan babu wanda ke tashi. Duk abin da za a yi, a cikin wannan tazarar ake yinsa.

Abu na farko ba ya buƙatar ko kwabo: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai zuba na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 yana da tsawo idan yaro na kuka, kuma yawancin mutane a minti biyu suke tsayawa. In babu famfo, mutum ɗaya ya riƙa zuba ruwa da buta, ɗaya yana wankewa. Sabulun wanki ma ya isa. Bayan nan a shafa aidin in akwai. Kada a ɗaure ciwon tamau, kada a zuba toka ko barkono ko man birki, kada kuma a ɓata lokaci wajen neman gashin karen don a ƙona a barbaɗa. Wannan al'ada ta daɗe, kuma abin da ya sa ake ganin kamar tana aiki shi ne ba kowane kare mai cizo ke ɗauke da cutar ba. Ranar da aka gamu da mai ɗauke da ita, gashi ba ya tare komai.

Daga nan sai asibiti, a ranar, ba gobe ba. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya kai tsaye: "Likita, kare ne ya cije shi, allurar rigakafin haukan kare muke nema." Na faɗi haka ne domin akan yi wa mutum allurar tetanus, a ba shi kafso, ya koma gida yana zaton an gama. Ta tetanus tana da amfaninta, amma ba ita ba ce. Ta haukan kare ana yinta a damtse, ƙaramin yaro kuma a cinya, ba a mazaunai ba. Ana farawa a ranar farko, a koma bayan kwana 3 da kuma bayan kwana 7, sannan wani tsarin yana da ƙari a mako na biyu zuwa na huɗu. Ku nemi a rubuta muku ranakun. Idan haƙori ya huda fata sosai, ko yawu ya taɓa ido ko baki, akwai wata allurar daban, imunoglobulin, da ake yi a cikin ciwon da kewayensa. Ku tambaya ko akwai ta. Ba a gaggawar ɗinke irin wannan ciwo. Mai juna biyu da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Karce da ya fito da jini, na kare ko na kyanwa, hukuncinsa ɗaya da cizo. Idan asibitin kusa ba shi da allurar, a wuce babban asibiti, kamar Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, kuma ana iya kiran hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a layinta na kyauta, 6232. Allurar tana da tsada, ba na musu. A 2024 gidauniyar rigakafi ta Gavi ta sanar da cewa za ta fara tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da ita, amma kafin wannan ya iso kowane asibiti, a ci bashi a yi ya fi a tsaya lissafi.

Karen kuma fa? In yana da mai shi, a ɗaure shi a ba shi abinci a sa masa ido kwana 10. Karen da cutar ta riga ta sauka a yawunsa ba ya wuce wannan wa'adi sai ya nuna alama ko ya mutu. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. In kuwa an riga an kashe shi, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa. A kira likitan dabbobi ya ɗauka a cikin ƙanƙara, akwai ɗakin gwaji a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. A kuma sani ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da gudu ba. Wani sai ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai tausayi ya zura hannu zai cire, shi ke nan. Haka take yi wa saniya da akuya.

Yanzu mu koma ga guba da gora. Matsalarsu ita ce bolar da ta tara karnukan tana nan, bayan mahautar yana nan. Ka kashe goma, wasu goma za su shigo daga unguwar gaba, waɗanda ba a san su ba, ba a san inda suka yi faɗa ba. Cikin karya wata biyu ne, ba ta daɗewa ta cike gurbi. Karnukan da suka saba da mutane su ne ke fara cin naman gubar, masu gudun mutane su tsira. Ga kuma haɗarin gubar ga kaji da awaki da yaran da ke wasa a ƙasa. Wannan ne ya sa masana suka daina ba da shawarar kisan kan mai uwa da wabi, suka koma ga lissafi: mahaukacin kare ɗaya, a matsakaici, bai cika harbar fiye da kare ɗaya ko biyu ba kafin ya mutu. Saboda haka idan aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, aka maimaita duk shekara, cutar sai ta rasa inda za ta tsallaka. Karen da aka yi wa allura katanga ne ga unguwa. Wanda ya kashe shi ya rushe katangar da hannunsa.

An gwada an gani. Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Luke Gamble, ya kafa ƙungiyar agaji ta WVS a 2003, sannan ya kafa Mission Rabies, mai yaƙi da haukan kare, a 2013. A gangaminsu na farko a Indiya sun yi wa karnuka sama da 60,000 allura cikin wata guda. A jihar Goa suka dage shekara bayan shekara tare da gwamnatin jihar, har aka shafe shekaru daga 2018 ba a samu wanda cutar ta kashe ba, kuma a 2021 aka ayyana ta a matsayin yankin da ya shawo kanta. Sun kai irin wannan aiki birnin Blantyre na Malawi daga 2015. Meziko kuwa, da hannun gwamnatinta, ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan da ake ɗauka daga kare. Abin da ya fi jan hankalina a aikin WVS shi ne cibiyar da suka buɗe a Ooty, kudancin Indiya, a 2010, inda likitocin ƙasar ke zuwa koyon tiyatar hana karnuka haihuwa. Baƙo yakan zo ya yi mako biyu ya koma. Wanda aka koya wa yana nan.

Dabarar tasu ba ta fi ƙarfin unguwa ba, kuma babu dalilin zaman jiran wani ya taso daga Turai. A fara da ƙidaya. Matasa biyu ko uku su zaga da sassafe, layi-layi, kwana biyu ko uku, su rubuta karnukan da suka gani da inda suke kwana. A nan za a gano abin da mutane ba su so su amsa: yawancin karnukan da muke cewa ba su da mai su, suna da wanda suke bi. Na maigadin kango ne, ko na bakanike, ko na mafarauci, ko na mahaucin da ke jefa masa ƙashi. Wannan mutumin shi ne mabuɗin aikin, domin shi kaɗai zai riƙe karen a yi masa allura ba tare da ragar kama kare ba. A je masa da girmamawa. "Baba, muna so a yi wa karen nan naka allura kyauta don kada ya jawo maka magana" ya fi "za mu kai ka ƙara" buɗe ƙofa.

Sai a je wa mai unguwa ko sarkin yanki, a nemi ya sa baki, a kuma roƙi liman da fasto su yi sanarwa. Wasu za su ce me ya haɗa Musulmi da hidimar kare. A bar wa malamai amsar, sun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, sun kuma san an halatta riƙon kare don gadi da kiwo da farauta. Wanda duk wannan bai gamsar da shi ba, a tuna masa cewa jikansa ne ke bin layin zuwa makarantar allo.

Da ƙidayar a hannu, a rubuta takarda zuwa sashen kula da lafiyar dabbobi na Sakatariyar Noma ta Babban Birnin Tarayya, ko ofishin noma na ƙaramar hukumar da kuke, AMAC ce ko Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali ko Abaji. A kai kwafi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Abuja da reshen ƙungiyar likitocin dabbobi ta NVMA. Takardar da ta ce "muna da karnuka kaza a layuka kaza, mun tanadi wuri da matasa masu taimako" ta fi wadda ta ce "karnuka sun dame mu" samun amsa. A aika tun watan Yuli ko Agusta, saboda 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, shi da ya fara yi wa mutum wannan rigakafi a 1885. A lokacin ne hukumomi da ƙungiyoyi suka fi fitowa da allurar kyauta. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka rungumi burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta nan da 2030, don haka ba alfarma kuke nema ba, aikinsu kuke sauƙaƙa musu.

In an rasa ta kyauta, a yi karo-karo a ɗauko likita mai zaman kansa. A nan sai a buɗe ido. Likitan gaskiya yana da rajista da hukumar kula da likitocin dabbobi ta VCN, kuma ba ya jin haushi in an tambaye shi lambarsa. Allurar tana zuwa a cikin kula da ƙanƙara, domin sanyin firiji take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya zaro kwalba daga aljihu da tsakar ranar Abuja, a sallame shi; da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, don karen da ake zaton an yi wa rigakafi alhali ruwa aka ɗura masa ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari. Haka nan duk ƙungiyar da ta zo da hotunan karnuka tana neman kuɗi, a tambaye ta rajistarta da sunan likitan da ke tsaya mata.

Ranar aikin, duk karen da aka yi wa allura a shafa masa fenti mara cutarwa a ka ko a baya, a ba mai shi kati. Kada a tsallake 'yan kwikwiyo, su ne yara suka fi ɗauka. Washegari a sake zagayawa a ƙirga: cikin kowane kare goma, nawa ke da fenti? In bai kai bakwai ba, aiki bai ƙare ba, a koma. Wannan ƙidaya ta biyu ita ce ake yawan watsarwa, bayan an ɗauki hoto an yi jawabi.

Ga ɗalibai da sababbin likitocin da suka fito daga Zariya ko Sakkwato ko Gwagwalada: ƙungiyar yaƙi da haukan kare ta GARC tana da darussa kyauta a intanet kan wayar da kan jama'a da kama kare da yi masa allura, ana ba da shaidar kammalawa, kuma da waya ma ana yi. Ku nemi babban likita ya tsaya a kanku ku ƙware a dandaƙa da cire mahaifa, saboda su ne ke rage yawan karnuka a hankali, ko da yake rigakafi ne gaba tunda ya fi araha da sauri. Kafin ku taɓa kare na farko kuma, ku da duk matashin da zai riƙe raga, ku yi wa kanku rigakafin kafin cizo: allura biyu ce, ranar farko da bayan kwana 7. Littafin ƙidayar kuma a bar shi a hannun mai unguwa, da ranar da za a sake dawowa baɗi a rubuce a shafin farko.