Darasi: Kula da birkin baya na babban babur

Babban babur na doguwar tafiya, irin su Honda Gold Wing, nauyinsa ya haura kilo 350 tun ba a hau ba. Ko ƙaramin babur ma, in muka goya mutum muka ɗaura buhu, nauyin a ƙafar baya yake sauka. Birkin gaba ne ya fi tsayar da babur a kan kwalta, amma a kan yashi da laka, na baya ne ke riƙe mu. Abin da za mu koya shi ne: birkin da ya matse da yawa yana da haɗari kamar wanda ya saki.

Birki mai rodi

Wannan shi ne mai shu a cikin hob, kamar na Bajaj Boxer da Yamaha AG200.

1. Mu kafe babur yadda ƙafar baya za ta tashi daga ƙasa.
2. Mu danna feda da hannu. Ya kamata ta sauka santimita 2 zuwa 3 kafin birki ya fara kamawa.
3. In ta wuce haka, mu ɗaure notin da ke ƙarshen rodi, rabin juyi sau ɗaya, muna gwadawa.
4. Mu juya taya. In muka ji tana gurza, mun matse da yawa, sai mu sassauta.
5. Mu duba ko fitilar birki tana kamawa kafin birkin ya cije.

Duk lokacin da muka ja sarƙa, taya tana matsawa baya, don haka dole a sake wannan awo. Idan kuma noti ya kai ƙarshen rodi, shu ya cinye ke nan. Sauyi yake bukata.

Birki mai faifai

Manyan babura da mai suke aiki, kuma birkin yana daidaita kansa yayin da fad ke cinyewa. Namu shi ne dubawa. In mai ya ragu a kofi, yawanci fad ne ya cinye, ko kuma akwai yoyo. Mu zuba irin man da aka rubuta a kan murfi, galibi DOT 4. Kada mu haɗa shi da DOT 5, domin ba sa gauraya. Wannan mai yana shan laima daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2.

Alamu da ma'anarsu

Feda ta yi laushi kamar soso: iska ta shiga tiyo, sai bakanike ya fitar da ita.
Hob ko faifai ya yi zafi ba mu taka birki ba: yana riƙewa. Mu duba sifirin da ke mayar da feda, da tsatsa ko laka.
Ƙarar ƙarfe da ƙarfe: fad ko shu ya ƙare. A ajiye babur.
Birki ba ya kamawa bayan gyara: mai ko giris ya taɓa shu. Wanki ba ya maganinsa, a sa sabo.
Birki ya mutu a doguwar gangara: zafi ne. Mu sauko da ƙaramar giya, mu bar ɗora ƙafa a kan feda.

Bayan kowane gyara, mu gwada babur a hankali a fili kafin mu ɗauki kowa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

Yaushe muka auna fedar baburanmu na ƙarshe? Wa ke da alhakin dubawa kafin a fita ƙauye?