Dinari a Littafi, Liyari a Hannu: Nazari daga Boɗinga da Shagari

A Boɗinga da Shagari, har yau malamai na ƙiyasta mafi ƙarancin sadaki da rubu'in dinari, nisabin zakka kuma da dinari 20. Ma'aunin yana komawa ga dinarin da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, mai nauyin giram 4.25. Sai dai a Daular Sakkwato da wuri aka yi ciniki, dinari ya tsaya a littattafan fiƙihu. Azurfar da ta shigo hannun jama'a ita ce liyarin Maria Theresa, wanda ake ta bugawa da shekarar 1780 har zuwa yau. Mai tara tsofaffin sulalla da ya dogara da wannan shekarar yana iya sayen bugun jiya da farashin kayan tarihi.