Darasi: Farin Tabon Ruwa A Jikin Mota

Sau da yawa mai mota yakan sa a wanke masa motarsa da ruwan rijiya ko na burtsatse. Da ta bushe sai ya ga fararen ɗige-ɗige sun fito a jikin fenti da gilashi. Ya goge da tsumma, su ƙi fita. Sai ya hau yaron da ya yi wankin da faɗa, alhali kuwa laifin na ruwa ne.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ratsa duwatsu, ya narkar da wasu sinadarai masu kama da alli. Masana suna kiran su kalsiyam da maganiziyam. Ido ba ya ganin su cikin ruwa, amma akwai alama. Sabulu ba ya yin kumfa sosai da irin wannan ruwa, kuma farin ɓawo yakan taru a gindin butar shayi. An fi samun sa inda ke da dutsen da ake yin siminti da shi, irin na Kalambaina kusa da Sakkwato, da na Ashaka a Jihar Gombe. Idan rana ta shanye ruwan, allin sai ya zauna a kan fenti. Shi ne tabon.

Abin da ke narkar da alli shi ne tsami. Akwai farin ruwan tsami na kwalba da ake kira binega, ana sayar da shi a kantuna. A haɗa kofi 1 na binega da kofi 1 na ruwan sama da aka tara. Inda babu binega, ruwan lemun tsami da aka tace aka sirka shi ma yana yi.

Da farko a kai motar inuwa, a bari jikinta ya huce. A wanke ƙura sarai, musamman lokacin hunturu, domin ƙura tana kartar fenti idan aka goga. Sannan a jiƙa tsumma mai laushi da haɗin, a ɗora kan tabon kamar minti 1, a shafa a hankali. A ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane nan take. Kada a bar tsamin ya bushe a kan fenti. Yana da kyau a fara gwadawa a wani ɗan lungu da ba a gani. Tsami yana cire man ƙyalli, saboda haka a sake shafa shi bayan an gama.

Wasu sukan ɗauko toka, ko yashi, ko soson ƙarfe. Wannan ɓarna ce. Tabo zai fita, amma ƙyalli ya tafi ke nan, kuma ranar da za a sayar da motar dillali zai karya mata kuɗi.

Tabon da ya daɗe cikin zafin rana yakan ci fatar fentin. Idan an gwada sau 2 bai fita ba, a daina. Aikin mai fenti ne, shi ke da injin gogewa.

Mai babur ma ya kula da tankinsa. A riƙa wanki da sassafe ko da yamma, a wanke gefe guda a tsane shi da busasshen tsumma, sannan a koma ɗaya gefen.