Lulluɓe Doki da Damina: Taimako ne ko Cutarwa?

Wurno da Rabah da Goronyo ƙasar dawaki ce tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zaman ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837. Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, wasu masu dawaki sukan lulluɓe su da bargo ko buhu ko leda don kada ruwa ya doke su. Niyyar ta tausayi ce, amma ilmin halittu ya nuna cewa illar abin ta fi amfaninsa yawa.

Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma da gumi yake rage shi idan ya hau. Sai dai ba tsattsafowar gumin ke kawo sanyi ba, bushewarsa ce. Misalinsa kamar randar ƙasa ne: ruwan cikinta yana yin sanyi domin yana tsattsafowa iska tana busar da shi. Da za a naɗe ta da leda, da ruwan ya zauna da ɗuminsa. To, da damina iska cike take da laima, balle a fadamar Rima da kewayen madatsar ruwa ta Goronyo, don haka gumi ba ya saurin bushewa. Idan aka ƙara da bargo, sai zafi ya taru a jiki, dokin ya riƙa haki, ya ƙi cin abinci.

Illa ta biyu a fata take. Ɗumi da danshi su ne abin da ƙwayar cutar kirci, wato Dermatophilus congolensis, take buƙata. An fara gano ta a shanun Kwango a 1915, kuma tana kama dawaki: gashi ya dunƙule, ɓamɓaroki ya fito a gadon baya, ƙudaje su bi mikin. Dokin da bayansa ya lalace kuwa ba ya ɗaukar sirdi, ko da ranar hawan Salla ce.

Abin da ya fi dacewa shi ne rumfa mai shan iska, a kafa turke a kan tudu nesa da fadama, a riƙa tada hayaƙi da magariba don korar sauro da ƙyashi, domin wani nau'in ƙyashi ne ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka. Bayan hawa, a cire sirdi da jalala nan take, a wanke dokin, a bar shi ya bushe a inuwa.

Duk da haka, akwai inda lulluɓi yake da amfani. Tsohon doki ko ramamme ko dukushi, idan ruwa da iska suka sa shi makyarkyata, sai a goge shi, a rufe shi da busasshen zane na ɗan lokaci. A riƙa zura hannu ƙarƙashin zanen ta bayan kafaɗa. Da an ji danshi ko zafi, a yaye. Bargo kuwa a adana shi sai dararen hunturu.