Me Ya Sa Ciwon Zuciya Ke Gagarar Magani?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya: me ya sa ciwon zuciya ke ta ɗaukar rayuka alhali ilimin likitanci ya ci gaba?

To Malam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a shekarar 2019, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Babbar matsalar ita ce jinkiri. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai shekara goma da shi bai sani ba, sai zuciya ta gaji ko ɓarin jiki ya shanye. Awon hawan jinin kuwa bai kai minti biyar ba. Wanda ya gano ma, maganin na kullum ne, aljihu ke ji, sai ya bari da zarar ya sami sauƙi. Ga kuma likitocin zuciyar 'yan kaɗan ne, wasunsu na ficewa Ingila da Saudiyya.

Akwai abin da ya fi damuna. Tun shekarun 1970 likitoci a garinku Zariya suka lura da yawan kasawar zuciya ga masu jego, har suka zargi yawan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Don Allah Malam, in maiɗakinka ta haihu ka ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta kwanta, kada a ce jego ne kawai. A kai ta asibiti ranar.